Kulocin da na zaɓa wa Zubair

"Baba, kai za ka zaɓa," in ji ɗana Zubair. Makanike ya ajiye kuloci biyu a gabana, mai laushi da mai tauri. Ranar Asabar akwai wasan mota a biki, yana so motarsa ta tashi.

Ban taɓa shiga aji ba, amma shekara arba'in ina jan mota, sau uku na faɗa rami na fito da ƙafata. Na nuna mai taurin.

Aka ɗaura. Zubair ya taka har ya yi gumi, giya ta ƙi shiga.

Yanzu duk Minjibir ana cewa tsoho ya rikice. Su yi ta faɗa. Ƙafar Zubair ta hagu ba ta da ƙarfi tun da ya kife a wasan bara. Wansa da ke gefensa ranar, ni na binne shi.