Amsoshin Rita

"Kina samun barci?" likitan ƙwaƙwalwa ya tambayi Rita, 'yar shekara sha shida.

"Sosai."

"Kin taɓa jin kin gaji da rayuwa?"

Ta yi dariya. "Ni? Ina!"

Mahaifiyarta Magdalene ce ta kawo ta daga Karshi saboda ciwon marigayi baban Rita. Wani watan ba ya barci don rawar kai, wani watan ko magana ba ya yi. An ce ciwon yakan bi jini.

"'Yarki lafiya lau take," in ji likita.

A mota Magdalene ta yi ta gode wa Allah. Rita ta juya fuskarta waje. Ita ta raka Baba asibiti gab da lokacin da ya kashe kansa. Amsoshin da ya bayar aka sallame shi, su ta maimaita yau.