Aljanin Amfilifayar Malam

Maƙwabta sun ce akwai aljani a cikin amfilifayar da maigidana ya saya don ƙara sautin jitarsa. Wai in ba haka ba, ta yaya tsohon da ya fara koyon jita bayan ritaya zai iya kiɗa haka cikin wata biyu? Ni dai shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya, ban taɓa jin aljanin da ke jiran a kawo wuta ba.

Mafi arha ya zaɓa a shagon, 'yar ƙarama kamar kwalin takalmi. Kullum ƙarfe huɗu yake rufe ƙofa, ya yi rabin awa ya kashe. Har tsohuwar ma'aikatarsu ta gayyace shi wasa ran Asabar gaban mutum ɗari biyu, ya kuma amsa.

Ran Laraba na tura ƙofar. Yana zaune ido rufe, yana ta yakushin igiyoyi, kiɗa mai daɗi na tashi.

"Malam, ɗaga hannunka," na ce.

"Me kika ce?" Kunnensa ya daɗe da yin nauyi.

Na riƙe masa hannu biyu. Kiɗan bai tsaya ba.

"Kin gani ko?" ya ce yana murmushi. "Ko na saki tana ci gaba. Ƙwarewa ke nan, Hajiya."

Muna cikin haka kiɗan ya yanke. Wata mata ta yi mana sallama daga cikin akwatin, ta fara karanta labaran duniya.

Gidan rediyo amfilifayar take kamawa. Wayar amfilifayar kuwa tana ƙarƙashin kujera, bai taɓa jona ta da jitar ba.