Sabis Ya Dawo Gidansu Ummuhani

Jarrabawar shiga makarantar jinya ta kusa farawa, amma kwamfutar gidansu Ummuhani ta ƙi hawa intanet. Ta kashe ta kunna har idonta ya ciko da hawaye. Innarta ce ta kira Sada, saurayin da Ummuhani ta daɗe tana ja wa rai saboda tana tsoron in ya aure ta zai hana ta karatu.

Daga Kurmin Kogi ya iso Ikara a kan babur, ƙafarsa duk laka. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya zare layin na'urar intanet ɗin ya goge, ya mayar, sannan ya ɗora na'urar bakin taga.

Ummuhani ta sunkuyar da kai. "Malam Sada, in na ci, Zariya zan tafi. Sai na gama."

"Na sani, Ummu," ya ce, bai ɗago ba. "Shi ya sa na baro gona a guje. Zo ki zauna."

Fitilar na'urar ta koma koriya, shafin ya buɗe. Ta sauke ajiyar zuciya, ta saci kallonsa.

"Baba yana gida da la'asar," ta ce. "Ka zo ku gaisa."