Ranar da Inna Hannatu Ta Juya wa Baƙo Baya

Tun kafin rana ta yi zafi Juwairiyya ta share tsakar gidan sau biyu, ta jera kwalaben man gyaɗa a inuwa, ta sa aka wanke turame. Wata huɗu ke nan da aka mayar da ita koyarwa daga Kusada zuwa Kunduru. Matan ƙungiyar ƙuli-ƙuli suna ganin ta da alƙalami suka ɗora mata sakatariya.

Ita ta rubuta takardar neman injin matse mai ga wata gidauniya mai tallafa wa ƙungiyoyin sa-kai na shiyyar. Yau jami'insu zai zo. A ganinta, in ya gamsu, mata ashirin sun huta da murza gyaɗa a turmi, marayun unguwa da suke ciyarwa da ribar kuma su ƙara ƙoshi. In bai gamsu ba, inji ya tafi wani gari.

Dogaronta duk yana kan shugabar ƙungiya, Inna Hannatu, wadda a gidanta ake aikin. Mace ce mai wushirya da zaƙin baki, in ta fara magana sai dai kiran salla ya katse ta. Mako guda suna bitar jawabin maraba. Amma da safen nan, da Juwairiyya ta karanta saƙon da ke cewa Malam Ikrima ne zai zo, sai Inna ta ce "To," ta shige madafi. Shinkafa da kazar da aka shirya ta ajiye su gefe, ta kama dambun zogale. Dambu, ga babban baƙo daga Katsina!

Da hantsi mota ta iso ta hanyar Kankia. Malam Ikrima ya tuɓe takalma tun daga zaure, ya durƙusa daga nesa ya yi gaisuwa. Inna Hannatu ta juya fuskarta ga bango, ta amsa wa tukunya.

Juwairiyya ta matsa kusa. "Inna, jawabin fa?"

"Ke gaya ma wancan abin da za ki gaya mai," in ji Inna, ta ci gaba da hura wuta.

Wancan! Juwairiyya ta dubi sauran matan ko za a samu mai ceto, sai ta ga kowace ta toshe baki da bakin gyale, kafaɗu na rawa. Ko ruwa ba wadda ta miƙa masa. Shi da kansa ya zagaya bayan rumbu inda randa take, ya ɗauko moɗa ya sha. Kunya ta kusa kashe sakatariya.

Haka ta daure ta zagaya da shi. Ta nuna masa kaskon suya, da turame, da tafin hannun mata da ya yi kanta. Ya ɗauki ƙuli ɗaya ya gatsa, ya yi murmushi har wushiryarsa ta fito. Ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi ko ya ga takardarsu.

"Na gan ta, Malama. Amma ranar da aka zauna a kanta, fita na yi na bar musu ɗakin."

Shi ke nan, in ji Juwairiyya a ranta. Mutumin da ko zaman sauraron takardarsu bai iya yi ba, ga shi kuma an tarbe shi da ƙeya. Hawaye suka cika mata ido, ta yi kamar hayaƙi ne.

Sai ta ga ya zaro igiyar awo daga aljihu, ya auna kusurwar da ke jikin zaure.

"Nan ya kamata a kafa injin," ya ce. "Kwamiti ya amince tun makon jiya. Ni wuri kawai aka aiko ni dubawa."

Guɗa ta tashi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Juwairiyya ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka. Inna Hannatu kuwa ba ta ko waiwayo ba. Sai da baƙo ya fita ta cika kwano da dambu, ta tura wa Gwaggo Hussaina, dattijuwar ƙungiyar. "A kai ma wancan mota, kar ya huce."

Juwairiyya ta tare Gwaggo a zaure. "Gwaggo, don Allah me bawan Allahn nan ya yi wa Inna? Saura ƙiris ta jawo mana asarar inji!"

Gwaggo Hussaina ta yi dariya har dambun ya kusa zubewa.

"Ke ɗiyar nan, mi zai yi mata? A garin nan wace uwa kika taɓa gani ta kama sunan ɗanta na fari, balle ta tsaya gaban mutane tana yi mai jawabi?"