Hular Kumandan

Shekarar da aka samu 'yanci, kumandan zai koma Faransa, ya bar wa kukunsa Mutari farar hularsa da wani kare mai girman maraƙi.

Karen ba ya raga wa kowa sai mai irin hular nan. Mutari kansa sai ya ɗora ta yake shiga gidansa. 'Yan unguwarsu ta Birni suna ta dariya.

"Ku yi ta yi," in ji shi. "Ni dai ɓarawo ba ya taka mini zaure."

Ran Juma'a ya dawo masallaci, ya tarar an kwashe gidan har tabarma.

Maƙwabcinsa Suma'ila ya leƙo ta katanga. "Su uku ne, kowa da farar hularsa. Yanzu tuli-tuli ake sayar da ita a kasuwar Zango. Karen har rakiya ya yi musu."