Warin da Inna ta Sani

"Wane ne wanga?" tsohuwar ta tambaya, ta saki hannun rigar ɗanta.

Ya ƙara durƙusawa gaban tabarmarta. "Ni ne, Inna. Yanzu na sauka daga Gusau."

Ta sake jawo rigar, ta shinshina, ta kau da kai. Tun da idanunta suka tafi, hankalinta kuma ya fara bin su, da hanci take gane mutane.

"Ƙarya kake. Ɗana warin taba yake yi."

Shekara ashirin tana roƙonsa ya bar sigari. Sai bana, da likita ya nuna masa hoton ƙirjinsa, ya bari. Yau kwana arba'in. Ya ci goro har haƙoransa suka rine, ya tauna asuwaki a bakin injin masaƙa. Abin da ya riƙe shi kawai shi ne ranar da zai zo Tsafe ya yi mata albishir.

Ya ambaci sunan mahaifinsa, ya tuna mata rijiyar da ya faɗa yana yaro. Ta juya wa bango fuska, ta ce a sallami baƙon.

Ya fita wajen mai tebur, ya karɓi karan sigari ɗaya. Ya kunna da niyyar turara rigar kawai. Bai san lokacin da ya kai baki ba.

Da ya koma yana tari, ta ɗago, fuskarta ta washe. Ta lalubo hannunsa ta riƙe gam.

"Ka iso? Kai, har yau ba ka bar abin nan ba?"

"Zan bari, Inna."