Tafiya Ɗa'if Cikin Ruwan Sama

Ruwan sama na dukan rufin tasi, direban yana tuƙi a hankali, yana kwatanta wa mahaifiyarsa makauniya hanya.

"Ummi, mun hau duwatsun Ɗa'if. Ga tafki a hannun damanki, gajimare ya sauko ya kwanta a kansa. Ga ƙauye can, tumaki sun fake a gindin rumman."

Shekara talatin tana mafarkin wannan tafiya, amma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ga shingen bincike a bakin Makka. Shi ya sa unguwarsu ta Hindawiyya da ke cikin Makka kawai yake ta zagayawa, zuciyarsa na sukarsa.

Ta jingina kai da gilashi tana murmushi.

"Wallahi da kyau, ɗana. In mun sake wucewa ta gaban mai gurasar Hindawiyya, ka sayo mini biyu."